Muhawara kan Tsara Jadawalin Ayyukan Dare a Manhajar Kula da Asusun Ma'aikata

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana. An ɗora mini alhakin kula da manhajar da ke buɗe wa ma'aikata asusu, ta ba su izinin da ya dace da muƙaminsu, ta kuma rufe asusun idan sun bar aiki. Na tarar wanda ya gabace ni ya jera ayyuka huɗu a jadawali, suna gudana kowane dare ba tare da sa hannun kowa ba. Da ƙarfe 1:00 manhajar tana ɗauko jerin ma'aikata daga sashen kula da ma'aikata, da ƙarfe 2:00 tana kwatanta jerin da abin da ke cikin Active Directory (manhajar Microsoft da ke riƙe da asusun masu amfani da kwamfutocin ma'aikata), da ƙarfe 2:30 tana sake lissafa izinin kowa, sannan da ƙarfe 3:00 tana rufe asusun duk wanda ba ta gani a jerin ba. Tambayoyina biyu ne. Shin wannan jeri na bin agogo daidai ne? Kuma shin ya dace a bar aikin rufe asusu yana gudana shi kaɗai alhali kowa yana barci?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Malam, barka da zuwa wannan fage. Jerin da ka tarar yana aiki ne bisa zato ɗaya, wato kowane aiki zai gama kafin lokacin na gaba da shi ya yi, kuma agogo bai san komai game da wannan zato ba. Ranar da sashen kula da ma'aikata ya makara wajen fitar da jerinsa, ko sabar ta yi nauyi har aikin ƙarfe 1:00 ya kai ƙarfe 2:10 bai gama ba, aikin kwatantawa zai tashi a kan lokacinsa ya yi aiki da jerin da aka shigar da rabinsa kawai. Duk wanda sunansa bai kai ga shiga ba zai zama kamar ya bar aiki, kuma aikin ƙarfe 3:00 zai rufe masa asusu, ya kuma rubuta a rahotonsa cewa ya kammala lafiya. Abin da nake ba da shawara shi ne agogo ya tayar da aikin farko kawai, sauran kuma kowanne ya tashi ne bayan na gabansa ya gama cikin nasara. Manhajoji da yawa suna da hanyar yin haka. A manhajar kula da asusu ta SailPoint IdentityIQ, alal misali, akwai wani nau'in aiki da ba ya yin komai sai tayar da wasu ayyuka ɗaya bayan ɗaya, kuma ana iya umartarsa ya tsaya da zarar ɗaya ya gaza.

Mai Kula da Sabar:
Na yarda da Malam Tsohon Hannu a kan ɗaure ayyukan da juna, amma ina ganin bai kamata a ɗauka cewa wannan ya warware matsalar ba. Kalmar nasara a rahoton aiki tana nufin manhajar ba ta ci karo da kuskure ba ne kawai, ba ta nufin bayanan da ta karanta cikakku ne. Na san wata ma'aikata da faifan ajiyar sabar da ke fitar da jerin ma'aikata ya cika a tsakiyar rubutu, sai fayil ɗin ya fito da layin kanun bayanai da wasu layuka kaɗan a ƙasa, sauran duk babu. Aikin ɗauko jerin ya karanta abin da ya samu daga farko har ƙarshe, bai ga aibu ba, ya miƙa wa na gaba. Da safe mutane suka zo suna shigar da kalmar sirri ana mayar musu da ita, har da waɗanda ya kamata su gyara matsalar. A wannan hali ɗaure ayyukan da juna ba ya hana komai, sai dai ma ya sa ɓarnar ta isa ƙarshe da wuri.

Akwai wani tarko makamancin wannan a ɗaya ɓangaren. Active Directory, a yadda yake zuwa, ba ya mayar da fiye da sakamako 1000 ga bincike ɗaya sai an nemi sakamakon shafi bayan shafi. Manhajoji masu inganci sun san haka, amma ƙaramin shirin da wani ya rubuta da hannu ya maƙala a jadawali yana iya karɓar dubun farko, ya yi watsi da gargaɗin da ya biyo baya, ya ɗauka waɗannan su ne dukkan asusun da ke akwai. Muddin ma'aikatan ba su kai dubu ba babu wanda zai lura, sai ranar da suka haura.

Sabon Shiga:
Na gode, Malamai. To idan haka ne, ta yaya aikin zai gane cewa jerin da ya karanta guntu ne, tun da shi bai san adadin da ya kamata ya gani ba?

Mai Kula da Sabar:
Hanyoyi biyu ne, kuma ana haɗa su. Ta farko ita ce a nemi mai fitar da jerin ya rubuta adadin layukan a ƙarshen fayil, ko ya rubuta fayil ɗin da suna na wucin gadi, kada ya ba shi sunansa na gaskiya sai ya gama rubutawa, ta yadda mai ɗauka ba zai taɓa ganin fayil mai rabi ba. Ta biyu ita ce a sa wa aikin rufewa iyaka: idan adadin asusun da zai taɓa a dare ɗaya ya wuce kaza, ya tsaya bai taɓa ko ɗaya ba, ya kira mutum. Wannan ba sabon abu ba ne. Microsoft Entra Connect, manhajar da ke kai asusu daga Active Directory zuwa Entra ID (rumbun asusu na Microsoft da ke kan intanet), wanda kafin 2023 ake kira Azure AD, tana zuwa da irin wannan kariya a kunne, kuma iyakarta ta asali ita ce gogewa 500. Idan zagaye ɗaya ya nemi goge fiye da haka, sai ta dakatar da turawa har mai kula ya duba.

Mai Binciken Tsaro:
Ina so in ja hankali a nan, domin a ganina ana yawan yabon wannan iyaka fiye da kima. Da farko, adadin 500 ba shi da wata ma'ana ga ma'aikatar da mutanenta 300 ne gaba ɗaya, tun da za a iya share kowa da kowa ba tare da an kai iyakar ba. Dole a sauke adadin zuwa abin da ya dace da girman wurin, kuma hanyar samun sa ita ce a duba tarihin watannin baya a ga mutum nawa ne ke barin aiki a rana mafi yawa, a ɗan ƙara a kai. Na biyu, kuma wannan ne ya fi damuna, duk daren da iyakar ta tsayar da aikin, waɗanda suka bar aiki da gaske su ma asusunsu ya kwana a buɗe. Mai kula da sabar yana kallon rufe asusun mai aiki a matsayin babbar masifa saboda shi ake kira a waya, ni kuwa ina kallon asusun wanda aka sallama jiya, wanda har yanzu yana iya shiga wasiƙun ma'aikata daga gidansa, kuma wannan babu wanda zai kira ya sanar da kai. Saboda haka ban yarda da amsar da ta tsaya a kan cewa aiki ya dakata ba, sai an faɗi wanda zai tashi ya duba, da kuma cikin awa nawa.

Tsohon Hannu:
Malama, maganarki gaskiya ce, amma ina ganin kin haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai wanda sashen kula da ma'aikata ya rubuta ƙarara cewa aikinsa ya ƙare ranar kaza, akwai kuma wanda sunansa kawai ya ɓace daga jeri. Na farko hujja ce tabbatacciya, kuma ban ga dalilin da zai sa iyaka ta hana a rufe asusunsa ba. Na biyu rashin bayani ne, kuma rashin bayani yana iya fitowa daga cikar faifai, ko katsewar sadarwa, ko wani ya canza tacewar rahoto. Tsarin da Malam Sabon Shiga ya gada yana yanke hukunci ne da na biyu, tun da ya ce ana rufe asusun duk wanda ba a gani a jerin ba. A nan ne babban gyaran yake. A roƙi sashen ma'aikata su riƙa barin sunan wanda ya tafi a cikin jerin tare da alamar cewa ya tafi da kwanan watan tafiyarsa, sai a raba aikin gida biyu: mai alama a rufe nan take, wanda ya ɓace kuma a saka shi a rahoto mutum ya duba da safe.

Mai Binciken Tsaro:
Wannan rabon ya gamsar da ni, Malam, da sharaɗi ɗaya. Sallamar gaggawa, irin wadda ake yi wa mutum saboda laifi, ba ta da hurumi a jadawalin dare ko kaɗan. Wanda aka sallama da ƙarfe 10:00 na safe bai kamata ya ci gaba da riƙe izini har ƙarfe 3:00 na dare ba, don haka dole a samar da hanyar da mai izini zai rufe asusu da hannu nan take, kuma a tabbatar aikin dare ba zai zo ya sake buɗe shi ba saboda jerin bai riga ya nuna sauyin ba. Wannan na ƙarshe yana faruwa fiye da yadda ake zato, domin aikin kwatantawa ba ya bambance gyaran da aka yi da gangan da kuskure. Abin da ya sani shi ne jeri ya ce mutumin yana aiki, asusu kuma yana rufe, sai ya buɗe. Haka kuma rufe asusu a Active Directory ba ya yanke zaman da mutum ya riga ya buɗe a wasu manhajojin intanet nan take, sai an soke zaman daban.

Sannan ina roƙon a bambance rufewa da gogewa. Aikin jadawali ya rufe kawai. Gogewa ta zo daga baya da kwanaki masu yawa, a wani aiki na dabam, domin asusun da aka rufe bisa kuskure ana buɗe shi cikin minti ɗaya, amma wanda aka goge aka sake ƙirƙira yana samun sabuwar lambar shaida a Active Directory ko da sunan bai canza ba, kuma izinin da aka ba tsohuwar lambar a kan fayiloli ba ya bin sabuwar.

Injiniyan Manhaja:
Tun da an gama da batun abin da aikin zai yi, bari in taɓa yadda ake rubuta lokacin kansa, domin nan ma ana tuntuɓe. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji, irin su midPoint da Oracle Identity Manager da OpenIDM, an gina jadawalinsu ne a kan Quartz, wata manhajar tayar da ayyuka a kan lokaci, wanda rubutun lokacinsa ya yi kama da na cron, mai tayar da ayyuka a kwamfutocin Unix, amma ba ɗaya ba ne. Cron na Unix gurbi biyar gare shi, yana farawa da minti, don haka ƙarfe 2:00 na kowane dare shi ne 0 2 * * *. Quartz kuwa yana farawa da daƙiƙa, gurabensa shida ne ko bakwai idan an haɗa da shekara, kuma yana buƙatar alamar tambaya a ɗaya daga cikin gurbin ranar wata ko na ranar mako, don haka lokacin nan shi ne 0 0 2 * * ?. Wanda ya saba da Unix, idan manhajar ta ƙi karɓar gurabe biyar, yakan cike gurbin farko da tauraro ya rubuta * 0 2 * * ?, kuma wannan yana nufin kowace daƙiƙa a cikin mintin farko na ƙarfe biyu, wato tayarwa 60 a jere. Lambobin ranakun mako ma sun bambanta: lamba 1 Litinin ce a Unix, amma Lahadi ce a Quartz. Mafita ita ce a rubuta gajeren sunan ranar da haruffa maimakon lamba, kuma bayan an ajiye jadawali a dubi lokacin tashi na gaba da manhajar ta nuna kafin a rufe shafin.

Abu na biyu shi ne agogon sabar. Idan sabar tana bin lokacin ƙasar da ake sauya agogo sau biyu a shekara, lokutan da Malam ya gada suna cikin mafi haɗari. A yawancin Amurka, ranar Lahadi ta biyu a watan Maris agogo yana tsallakawa daga ƙarfe 2:00 zuwa 3:00, don haka ƙarfe 2:30 babu ita a wannan dare. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba kuma sa'ar da ke tsakanin 1:00 da 2:00 tana maimaituwa. Ƙasashen Tarayyar Turai suna yin nasu sauyin a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. Aiki yana iya tsallake dare ɗaya ko ya gudana sau biyu, gwargwadon yadda mai jadawalin ya fassara abin. Ni dai ina ɗora jadawali a kan UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, wanda ba ya sauyawa.

Mai Kula da Sabar:
Injiniya, UTC yana magance tsallaken agogo, amma yana da nasa abin lura. Ranar ƙarewar aiki da ke cikin jerin ma'aikata yawanci kwanan wata ne kawai, babu sa'a babu yanki. Idan ma'aikata tana da mutane a nahiyoyi daban-daban, aikin da ya tashi da tsakar daren UTC ya ga kwanan wata ya cika zai rufe asusun wanda yake yammacin Amurka alhali yana tsakiyar yammacin ranarsa ta ƙarshe, bai ma gama miƙa aiki ba. Dole a yanke shawara a rubuce kan agogon wa ake bi wajen cewa rana ta ƙare.

Sabon Shiga:
Wannan ya buɗe mini ido ƙwarai. Akwai wani zaɓi da na gani a shafin kowane aiki wanda ban taɓa ba, yana tambayar abin da za a yi idan lokacin aiki ya wuce bai tashi ba, ko a tayar da shi nan take ko a jira lokaci na gaba. Wanne ya fi?

Injiniyan Manhaja:
Babu amsa ɗaya ga dukkan ayyuka. Quartz yana ɗaukar cewa aiki ya rasa lokacinsa idan ya makara fiye da daƙiƙa 60 a tsarinsa na asali, ko don sabar tana kashe, ko don duk sassan manhajar da ke gudanar da ayyuka suna riƙe da wasu ayyukan. Aikin da karatu kawai yake yi, kamar ɗauko jeri, babu laifi a tayar da shi da zarar sabar ta dawo. Amma ka yi tunanin an kashe sabar daga tsakar dare zuwa ƙarfe 9:00 na safe saboda gyara, kuma ayyukanka huɗu duk an sa su tashi nan take idan sun makara: dukkansu za su tashi lokaci ɗaya, tazarar da aka dogara da ita ta tafi, kuma babu abin da zai hana aikin rufewa ya riga aikin ɗauko jeri gamawa. Wannan wani dalili ne na bin shawarar Malam Tsohon Hannu, domin idan aiki ɗaya ne kawai ke bin agogo, shi kaɗai wannan tambaya ta shafa.

Ka kuma duba abu biyu a wannan shafin. Ka hana aiki ɗaya gudana sau biyu a lokaci guda, ta yadda idan na jiya bai gama ba na yau zai jira. Idan kuma manhajar tana kan sabar fiye da ɗaya, ka tabbatar jadawalin yana ajiye ne a rumbun bayanan da duk suke amfani da shi, ba a ƙwaƙwalwar kowace sabar ba, in ba haka ba kowacce za ta tayar da nata kwafin, ka wayi gari sabon ma'aikaci yana da asusu biyu. Wannan tsari na tarayya yana buƙatar agogon sabobin su daidaita sosai da juna, don haka NTP, wato tsarin daidaita agogon kwamfutoci ta hanyar sadarwa, wajibi ne.

Tsohon Hannu:
Akwai abin da ba a ambata ba, wato bambancin karanta sauyi kawai da karanta komai. Entra Connect tana zagayawa kowane minti 30 tana ɗaukar abin da ya sauya kawai, Keycloak, wata manhajar tantance masu shiga, ma yana ba da zaɓi biyu daban ga wanda ya haɗa shi da rumbun asusu ta LDAP (hanyar tambayar rumbu irin Active Directory), ɗaya na waɗanda suka sauya, ɗaya na kowa da kowa. Karanta sauyi yana da sauƙi a kan sabar, amma ya dogara ne da alamar inda aka tsaya. Idan manhajarka tana bin lambar uSNChanged, wato lambar da Active Directory ke ƙarawa duk lokacin da aka sauya wani asusu, ka sani kowace sabar Active Directory tana da nata ƙidayar, ba a raba ta da sauran, don haka idan yau ka tambayi wannan sabar gobe ka tambayi waccan da alamar jiya, za ka tsallake sauye-sauye ba tare da wani gargaɗi ba. Shi ya sa nake barin cikakken kwatantawa sau ɗaya a mako, a lokacin da aiki ya yi sauƙi, domin ya kamo abin da ya kuɓuce wa gajerun zagaye.

Mai Binciken Tsaro:
Ni kuma abin da nake fara tambaya idan na je bincike shi ne yaushe kowane aiki ya yi nasararsa ta ƙarshe, kuma wa zai sani idan bai tashi ba sam. Kusan kowa yana saita saƙon gargaɗi idan aiki ya gaza, amma aikin da wani ya dakatar lokacin gyara ya manta bai mayar ba, ba ya gazawa, shiru kawai yake yi, kuma shirun yana iya kai watanni. Gargaɗin da ya dace shi ne wanda ke fitowa daga wata na'ura dabam, wadda ke jiran labarin nasara kowace safiya, ta yi ƙara idan bai zo ba. Saƙon kuma ya tafi akwatin ƙungiya, kada ya tafi adireshin mutum ɗaya. Malam Sabon Shiga, ina ba ka shawara ka duba yau ɗin nan ko saƙonnin ba adireshin wanda ya gabace ka suke zuwa ba, ka kuma duba da wane asusu ayyukan suke shiga Active Directory. Idan asusunsa na kansa ne, ranar da aka rufe shi komai zai tsaya. Idan asusun hidima ne, wato wanda aka ware wa manhajar kanta ba na mutum ba, ka san ranar da kalmar sirrinsa za ta ƙare, ka kuma rage masa izini zuwa rassan da yake aiki a kansu kawai.

Sabon Shiga:
Na duba kamar yadda kika ce, Malama. Asusun hidima ne, amma saƙonnin gargaɗi adireshin mutum ɗaya suke zuwa, kuma na mayar da su akwatin sashenmu. Na dakatar da aikin ƙarfe 3:00 na ɗan lokaci, na kuma nemi sashen ma'aikata su riƙa turo mini sunan duk wanda ya tafi in rufe da hannu har mu gama gyaran jerin. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan gwada sabon tsarin ba tare da na taɓa asusun kowa ba.

Injiniyan Manhaja:
Ka duba ko manhajarka tana da yanayin gwaji, inda aiki yake lissafa abin da zai yi ya rubuta a rahoto amma bai aiwatar ba. MidPoint tana da shi, Entra Connect ma tana da yanayin da sabar take karantawa tana lissafi ba ta turawa. Ka bar sabon aikin rufewa a wannan yanayi har ya ratsa ƙarshen wata aƙalla sau ɗaya, tun da a lokacin ne kwangiloli suka fi ƙarewa, kana kwatanta sunayen da ya fitar kowace safiya da waɗanda sashen ma'aikata suka turo maka. Ka kuma ba shi fayil mai rabi da gangan, da fayil wanda babu komai a cikinsa sai kanu, ka ga ko iyakar da ka sa ta tsayar da shi kuma saƙon ya iso akwatin sashenku. Idan an zo kunnawa, ka fara da reshe ɗaya ƙarami, kuma ka cire asusun masu kula da tsarin da asusun gaggawa daga cikin waɗanda aikin yake da ikon taɓawa.